Kafin ka biya kuɗin BCM: yadda ake gane ita ce ta mutu da yadda ake canza ta

Idan mota ta fara irin abin nan da mutane ke cewa aljanu sun shige ta, waifa ta tashi ita kaɗai babu ruwa babu hadari, santiral lok yana ta kullewa yana buɗewa kana tsaka da tafiya, sigina gefe ɗaya ya ƙi ko kuma ya kama ya ƙi mutuwa, hon ya hau ihu tsakar dare, gari na wayewa batir ya kwanta, toh maganar farko da zaka ji a gareji ita ce "oga birenbos ce ta tafi". Wani lokacin hakane. Amma mafi yawan motocin da ake ɗora wa BCM laifi, wato kwamfutar da ke kula da kayan lantarkin jikin mota, ba ita bace, abin da ke ba ta wuta ne ya samu matsala, ko batir, ko wayar negatif da tayi tsatsa a jikin bodi, ko soket ɗin da ruwa ya kwana a ciki. Kuma kasan yadda kayan lantarki suke a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ka biya ka fita da kaya ba kowane mai shago bane zai yarda ya karɓa. Don haka tsarin shine a fara korar duk wani abu mai araha tukuna, sai an rasa mai laifi sannan a taɓa BCM.

Mene aikinta kuma ina take

BCM ba ita ce kwakwalwar inji ba, mutane na yawan haɗa su. Ta inji ruwanta da mai da iska da fulogi. BCM kuma ita ke riƙe da kayan jikin mota, fitilun waje da na ciki, sigina, waifa, gilasan ƙofa, lok, rimot, hon, alam, a motoci da yawa har da sakiyoritin makulli wanda in bai gane makullinka ba inji ba zai tashi ba. Da can a mota irin 504 in ka murɗa suwic wuta ce ke bi ta cikinsa kai tsaye zuwa kwan fitila. Yanzu suwic saƙo kawai yake aikawa, BCM ta karanta, ita za ta yanke ko ta saki wuta ko kar ta saki. Duk gwajin da zamuyi a kan tambayoyi uku ya tsaya: saƙo ya shiga? wuta ta fita? in ba ta fita ba, ita kanta BCM ɗin tana samun fozitif da negatif yadda ya kamata?

In zaka shiga kasuwa ka san sunan da kamfanin motarka ke kiranta, in ba haka ba kai da mai shago zakuyi ta magana kowa da abin da yake nufi. A Peugeot BSI ce, a Honda MICU, a Mercedes SAM kuma ba guda ɗaya bace, akwai ta gaba akwai ta baya, Renault UCH, wasu Ford GEM wasu SJB, Jeep da Dodge TIPM, BMW tana da FRM mai kula da fitilu da gilasai. A Toyota irin su Camry 2007 zuwa 2011 da Corolla 2009 zuwa 2013 haɗe take da akwatin fiyus da ke ƙarƙashin dasbod ɓangaren direba, haka ma MICU ta Honda a cikin akwatin fiyus na ƙasan sitiyari take. BSI ɗin 406 da 307 ma nan ƙasan sitiyarin zaka same ta. Passat B5 kam sun ajiye tasu ne a ƙasa ƙarƙashin kafet ɗin gaba na hagu, wato daidai inda ruwa ke taruwa, har yau ban gane hikimar ba.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai auna wuta, kwan gwaji, sifana 10, abin ɓalle robobin dasbod, zanen wayoyin motar, da sikana wacce ke iya shiga ɓangaren bodi. Wannan na ƙarshen shine inda ake samun matsala. Ɗan ƙaramin ELM327 da ake haɗawa da waya yawanci inji kawai yake karantawa, zai ce maka babu kod alhali BCM cike take da su. Ana buƙatar irin su Launch ko Autel, ko wacce aka yi musamman don irin motarka, Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, Lexia ko Diagbox ga Peugeot, FORScan ga Ford.

Fara da tambaya

Kafin a kwance ko noti ɗaya a tambayi mai mota me ya faru daf da fara matsalar. An yi mata janfa da wata motar? an juya kan batir ko da na daƙiƙa ɗaya ne? ta je wajen fanal bita anyi walda batir na haɗe? an sa tiraka, alam, allon Android ko fitilun LED? an canza gilashin gaba? an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ko an ratsa ruwa da damina? Amsar ɗaya daga cikin waɗannan sau tari ita ce rabin aikin. Akwai kuma ɗabi'ar nan da na tsana, wai a cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A motar kabureta an sha, amma a motar da ke da kwamfuta batir ɗin ne ke danne hawa da saukar wutar altaneta, kana cire shi wuta na iya tsalle ta ƙona abin da bai ji ba bai gani ba. In kaga mai riwaya zai maka haka ka riƙe hannunsa.

Batir da caji

Mota a kashe, ta ɗan huta, batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6V. In kaga 12.2 ya sauka sosai, ƙasa da 12 kuwa duk wani gwaji da zakayi a haka ɓata lokaci ne, a caja shi ko a aro wani. Sai a sa mita a kai a yi kik, kar ya faɗi ƙasa da 9.6V. Inji na aiki kuma ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya haura 15 altaneta na cajin wuce kima, ita ce za ta kashe BCM ɗin nan da sabuwar da zaka sa. Ka girgiza kawunan batir da hannu, in suna juyawa ko an cusa musu ƙusa ko ɗan gwangwani don su kama, a gyara wannan tukun. Kwamfutocin mota ba sa son wuta mai rawa, da wuta ta sauka sai su fara zubo kod na ƙarya barkatai.

Fiyus kuma ba da ido ake duba shi ba. Yawanci fiyus yana da ɗan ƙarfe biyu a bayansa, makulli a kunne ka taɓa duka biyun da kwan gwaji, dole ya kama a duka. BCM ba layin wuta ɗaya ke shigar mata ba, akwai na fitilu daban, na lok daban, na kwakwalwarta daban, shi yasa fiyus ɗaya zai mutu rabin aikinta ya tsaya rabi na yi, mutum ya rantse ta lalace. In ka tarar an naɗa waya a gurbin fiyus, ko an sa na 30 inda aka rubuta 10, toh ka san akwai shot a layin nan da wani ya ɓoye, kuma abin da fiyus ya kamata ya sha BCM ce ta sha.

Ruwa

Nan zan ɗan daɗe don shine babban makashinta. Ka cusa hannu ƙarƙashin kafet ɗin direba da na mai zaman banza, ba saman kafet ba, soson da ke ƙasa, saman zai iya bushewa ƙasan na jiƙe sharkaf tun watan jiya. Ruwan yakan fito ne daga bututun sanruf da ƙura ta toshe, ko magudanar da ke ƙarƙashin waifa da ganye ya cika, ko bututun ruwan AC, ko gilashin gaba da aka canza gam bai kama ba. Ƙurar hunturu ke toshe waɗannan hanyoyin a hankali, sai ruwan farko ya sauka asiri ya tonu. A Mercedes kuma ka leƙa but, a da yawansu nan SAM ta baya take.

Sai ka cire negatif ɗin batir, ka zare soket-soket na BCM ɗaya bayan ɗaya ka haska da cocila. Abin da kake nema shine wani kore-kore ko fari-fari kamar gari a jikin ƙafafun, ƙafa da ta yi baƙi, roba da ta narke, ko ƙafar da ta koma ciki ba ta kai tsayin 'yan uwanta ba. Ka sansana ma, warin ƙonewar bod, wato allon lantarkin da ke cikinta, ba ya ɓuya. Idan a soket kawai koren ya tsaya, kontak kilina da tsohon burushin haƙori suna iya dawo da mota daidai, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Idan ka buɗe murfin ka ga ya ci layukan tagullan kan bod ɗin, wannan sai mai gyaran bod ko canji.

Motar tokunbo ma ka sa mata ido. Bayan guguwar Sandy a 2012 da Harvey a 2017 motoci masu ɗimbin yawa ruwa ya shanye a Amurka, irinsu inshora ke sallamawa a yi gwanjonsu, wasu su ƙare a kan jirgi zuwa ƙasashenmu. Nan gida ma ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta nutsar da motoci. Alamar ita ce tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da busasshen laka a lungun da mai wanki baya kaiwa. Irin wannan motar ba BCM ɗaya ce matsalarta ba, duk soket ɗin da ke ƙasa abin zargi ne.

Yanzu sikana

Ka sa tayi sikanin ɗin duka kwamfutocin motar, ba BCM kaɗai ba, kuma ka ɗauki hoton kod ɗin kafin ka goge komai. Kod masu farawa da B na bodi ne, masu U na sadarwa tsakanin kwamfutoci ne. In ka ga U0140 a inji, a mitar dasbod, a ABS, duk suna cewa sun daina jin BCM kenan. Amma lura, cewa sukayi ba sa jinta, ba su ce ta mutu ba. Wadda aka yanke wa wuta ma ba za a ji ta ba. In kuma kowace kwamfuta na ƙarar kowace, ga kod na ƙarancin wuta ko'ina, koma kan batir da negatif.

Idan sikana ta shiga BCM, ka buɗe inda take nuna abin da ke faruwa kai tsaye. Ka danna suwic ɗin abin da ya ƙi aiki kana kallon allo. Misali waifa: ka ɗaga sandar, rubutun ya canza daga kashe zuwa kunne? In bai canza ba saƙon bai iso ba, matsalar na suwic ko wayarsa, BCM ba ruwanta. Wayoyin da ke cikin robar nan tsakanin ƙofar direba da bodi suna yawan karyewa ta ciki saboda buɗe ƙofa da rufewa, kuma su ke kawo rikicin gilashi da lok, ka janye robar ka ja kowace waya a hankali, wadda ta karye zata miƙe kamar roba. In kuma rubutun ya canza, sai ka umarci waifar ta tashi daga cikin sikana. Ta tashi? toh fitar wuta lafiya lau. Ba ta tashi ba? sai a je ƙafar da zane ya nuna ita ce ke fitar da wutar, a soka siririyar allura ta bayan soket yana haɗe, a auna. Kar a huda rigar waya don Allah, nan ruwa zai shiga bayan shekara. In wuta na fita a ƙafar amma ba ta isa wajen waifar ba, waya ce ko rile ko ɗan injin da ke juya waifar kansa. In ba ta fita sam, yanzu ne BCM ta fara zama abin zargi na gaske.

Ko a nan ma kar kayi sauri. BCM na zamani da yawa in ta ji shot a layi da kanta take kashe layin don ta kare kanta, kuma ba za ta sake ba sai an gyara shot ɗin an goge kod. Sai kaga fitila ɗaya babu wuta, kwan lafiya, fiyus lafiya, ashe kwan LED na kasuwa ne ko wayar tirela da wani ya jona ta jawo. A wasu Ford in aka yi ta maimaita wannan ba a gyara ba har adadin da aka ƙayyade mata ya cika, kashe layin take gaba ɗaya, sai canji. Don haka a zare kayan da ke ƙarshen layin, a auna ko wayar na taɓa bodi, a goge kod a sake gwadawa.

In sikana ta kasa shiga kwata-kwata

Abu uku ne: fozitif, negatif, layin sadarwa. Da zane a hannu ka nemo duk ƙafafun da wuta ke shiga, ka auna kowacce. Amma mita kaɗai tana yaudara, wayar da saura silin gashi ɗaya ya riƙe ta za ta nuna maka 12V cas, da an ɗora mata nauyi ta faɗi. Ka zare soket ɗin ka haɗa kwan fitilar gaba mai 55W tsakanin ƙafar fozitif da ƙafar negatif na ɓangaren wayoyin mota, yana jan fiye da 4A, in ya haska tar layukan biyu na da lafiya, in yayi ja-ja ko ya mutu ka samo ɓarawon. Negatif kuma ana auna shi ne komai na haɗe, fitilu a kunne: waya ɗaya ta mita a negatif ɗin batir, ɗayar a ƙafar negatif ta BCM, abin da zaka gani kar ya wuce 0.1V ko kusa da haka. In ya wuce ka bi wayar har inda aka ɗaure ta a bodi, yawanci bayan robar da ke gefen ƙafar direba, ka kwance notin ka goge da samfefa har ƙarfe yayi fari ka ɗaure tam. Wallahi motoci da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa.

Layin sadarwa kuma a soket ɗin OBD mai ƙafa 16, inda ake jona sikana, ake fara duba shi. Ƙafa ta 16 fozitif ce, 4 da 5 negatif, 6 da 14 su ne layin CAN. Batir a cire, ka auna om tsakanin 6 da 14, ya kamata ka ga wajen 60. In ka ga 120 layin ya yanke wani wuri ko ɗaya daga cikin kwamfutoci biyun da ke rufe bakin layin ta fita, in ka ga kusan sifili wayoyin biyu sun haɗe. Batir a haɗe makulli a kunne, ta 6 zata nuna sama da 2.5V kaɗan, ta 14 ƙasa da 2.5V kaɗan. Wannan kwan fitilar da na ambata kar ya kusanci waɗannan layukan, haka duk wani soket mai launin rawaya, na iyabag ne. Sai dai ba kowace mota wannan lissafin ke hawa ba. Sai daga 2008 CAN ya zama dole a motocin kasuwar Amurka, tsofaffi da yawa ta ƙafa ta 7 suke magana, Ford na da layin bodi daban a ƙafa ta 3 da 11, 406 da 206 kuma wani tsari suke amfani da shi mai suna VAN. Zanen motarka shine alƙali. Wani abin kuma, kwamfuta ɗaya da ta lalace tana iya toshe layin ta hana kowa magana, tiraka da allon Android da aka jona a layin CAN sun ƙware a wannan, ka zare su ka gani ko BCM zata dawo.

Mai shan batir cikin dare

Ana yawan cewa BCM ce ba ta bacci, alhali wani ne ke tashinta. Ka mayar da wayar mita ramin 10A, ka sa mitar tsakanin negatif ɗin batir da wayarsa, ka buɗe ƙofofi amma ka danna harshen lok ɗinsu da sukundireba don mota ta ɗauka a rufe suke, ka cire makulli ka nisanta rimot, kar kuma wani ya yi kik mita na haɗe, fiyus ɗinta zai tashi. Ka jira, wasu motocin minti 10 sun kwanta, wasu sai sun haura rabin awa. Bayan nan abin da take ja kar ya wuce wajen 50mA. In tana jan 500mA ka lissafa, 12Ah kenan a kwana ɗaya, batir mai 60Ah kwana kaɗan zai ƙi tada mota. Maimakon zare fiyus ɗaya ɗaya, wanda ke sake tada kwamfutocin, ka sa mita ta biyu a mV ka taɓa ƙarafa biyun bayan kowane fiyus, wanda ya nuna wani abu sama da sifili ta nan wuta ke bi. In layin BCM ne, ka duba a sikana ko akwai ƙofa, but ko bonet da take gani a buɗe alhali a rufe yake. Ɗan suwic ɗin cikin lok ɗin ƙofa shi kaɗai ya isa ya hana ta bacci.

Idan batir da caji lafiya, duk layukan wutarta da negatif sun ɗauki nauyin kwan, layin sadarwa daidai har bakin soket ɗinta, saƙo na shiga, babu shot a waje, amma ta ƙi fitar da wuta ko ta ƙi magana, ko ka buɗe ka ga ƙuna da idonka, toh yanzu ka samu hujjar sayen wata.

Sayen wata

Lambar da ke kan takardar jikin tsohuwar ita zaka bi, harafi da harafi har na ƙarshe. "Iri ɗaya ne oga, zai shiga" ba magana bace, soket zai shiga amma ta motar da ba ta da sanruf ko fitilar hazo ba lallai ta tada naka ba. Ka lura da kasuwar da motar ta fito, rimot ɗin motocin Amurka yawanci 315MHz ne, na Turai 433MHz. In ta Beljiyam zaka saya ka haska ƙafafunta kamar yadda ka yi wa taka, ka duba ko an taɓa ɓalle murfin, ku kuma yi magana da mai shago a gaban shaida kan cewa in ba ta yi ba zaka dawo da ita. Kafin ma ka biya ka tambayi wanda zai maka furogiramin ko ta hannu na karɓar saiti a irin motarka, don wasu in an riga an aura musu wata mota ba sa sakewa sai an wanke su. A Peugeot BSI na riƙe da lambar sirrin makulli mai guda 4 wadda dole ta dace da ta kwakwalwar inji, shi yasa zaka ga ana sayar da su saiti guda, BSI da birenbos ɗin inji da makulli. Tana kuma riƙe da kilomita, in ka jona ta wata mota mai kilomita sama da taka dasbod ɗinka zai ɗauki babbar lambar kuma baya komawa da kansa. Hanya mafi sauƙi sau da yawa ita ce a kwafe bayanan tsohuwar daga ɗan cif ɗin ajiyarta a zuba a wadda aka sayo, in anyi haka makullanka na da zasu ci gaba da aiki. Shi yasa ko ta ƙone kar ka yar da ita kar kuma ka bar wa yaran gareji.

Canjin kansa

In tsohuwar na magana ko yaya, a fara shiga da sikana a adana saitinta, ko a ɗauki hoton kowane shafi. Ka sauke gilashin direba, ka fito da makulli daga cikin mota, don sabuwa na iya kulle ƙofofi da zarar ta samu wuta. Ka kashe komai ka jira kamar minti 3 kwamfutoci su kwanta kafin ka cire negatif, a Peugeot wannan jiran ba wasa bane, cire batir BSI ba ta gama rufewa ba yana rikita ta. Bayan ka cire ka ƙara wasu mintuna 3 saboda iyabag, tunda kusa da wayoyinsa zakayi aiki. Ka ɗauki hoton soket ɗin kafin ka zare, ko da yake yawanci kowanne da launinsa da ramin da zai shiga. Masu hannun lanƙwasawa ka ɗaga hannun har ƙarshe soket zai fito da kansa, kar ka sa ƙarfi, robar da ta sha zafin shekaru ƙaris take jira. In BCM ɗin haɗe take da akwatin fiyus ka jera su gefe da gefe ka tabbatar kowane fiyus da rile na gurbinsa da lambarsa daidai da taka. Ka ɗaure ta a mazauninta, ka mayar da soket har kaji ƙas, sannan batir. Kar ka rufe robobin dasbod yanzu.

Kuma in ruwa ne ya kashe ta, a toshe inda yake shigowa kafin sabuwar ta kwana a motar, in ba haka ba sabuwar katifa ka shimfiɗa a ɗakin da ke yoyo.

Furogiramin

A wasu Toyota kusan sakawa ne kawai, sai dai a sake rijistar rimot, don sakiyoritin makulli a wani akwati daban yake. A Nissan BCM na cikin tsarin sakiyoriti, dole a sake rijistar makullai. Honda irin su Civic daga 2006 ma in an canza MICU sai an gabatar da ita ga imobilaiza, wato sakiyoritin makulli, kafin mota ta tashi. Ford sai an zuba mata saitin motar na asali wanda ake samowa da lambar shasi, motocin GM irin su Chevrolet kuma ta intanet ake sauko da furogiram ɗin daga kamfani. Ko wacce ce, ka zo da duka makullanka, a motoci da yawa wanda baya wurin lokacin rijista ya daina aiki kenan. Kar a yi ta cankar lambar sirri, kuskure na maimaituwa tsarin ke kullewa. Sannan a haɗa caja mai riƙe wuta daram sama da 13V a batir, laftof ɗin ma da cajinsa, ba a dogara da wutar NEPA a tsakiyar wannan aikin ba. Wuta ta faɗi ana tsaka da rubutu sabuwar ma ta tafi, FRM ɗin BMW ta yi suna a wannan, ko raunin batir kawai yana iya sa ta rikice.

An gama, a goge kod a duka kwamfutoci, a kashe a kunna a sake sikanin a ga me ya dawo. Sai a bi komai ɗaya ɗaya har waɗanda ba su da matsala a da: ƙananan fitilu, dim da ful, sigina, hazad, fitilar birki da ta ribas, waifa duk matakanta da ruwanta, hon, lok daga rimot da daga suwic, fitilar ciki in an buɗe kowace ƙofa. Gilashin da ya daina hawa da dannawa ɗaya ba lalacewa yayi ba, ka sauke shi ƙasa, ka ɗaga har sama ka riƙe suwic ɗin daƙiƙa kaɗan zai tuna. Rediyon Honda na iya neman kod ɗinsa. A sake gwajin shan batir a tabbatar ta sauka ƙasa da 50mA, sannan mutum ɗaya ya zauna ciki da cocila yana kallon saman BCM, wani ya sakar wa gilashin gaba da rufin ruwa da tiyo na wasu mintuna. In ko ɗigo bai sauko ba sai a mayar da robobin dasbod.